Kibiya Ba Ta San Hannun Mai Ita Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da maharbi yana ɗana kibiya ya san inda idon jama'a yake tafiya. Kowa can gaba yake kallo, wurin abin da ake bara. Ba mai waiwayar hannun hagu da ya riƙe bakan, alhali shi ne abu na farko da kibiya za ta bi ta kansa. A bakan zamani tsakaninsu bai wuce faɗin yatsu biyu ba, a namu na gargajiya kuwa kibiyar a kan fatar hannun take kwance. In komai ya tafi daidai, ta wuce salin-alin. In kuwa kyauro ya tsage, ko kibiya ta zame, ko ta yi wa mai ita gajarta, to ƙarfin da aka tanadar wa gada ko barewa a hannun nan zai sauka.

Abin kuma ya fi samun ƙofa a filin gwaji. Mafarauci yana iya yini a dawa bai saki kibiya biyu ba, waɗanda ya saki ɗin ma ya zaɓe su tun daga gida, hankalinsa a wuri ɗaya. Amma ranar da ya fita bayan gari don ya gyara hannu kafin lokacin farauta, kibau huɗu ko biyar ne zai yi ta harbawa, ya ciro, ya sake harbawa, har rana ta yi sanyi. Wannan ta gogi waccan, wata ta kauce ta daki dutse, kafaɗa ta gaji, abokai suna gefe suna ba'a. Ai wasa ne, in ji shi. Ita kuwa kibiyar don ratsa fata da nama aka ƙera ta, ranar wasa da ranar aiki duk ɗaya ne a wurinta.

Mu fara da kayan waje, tunda su ne suka zo da haɗarin da kakanninmu ba su sani ba. A Amurka farauta da baka babbar harka ce. Jihar Wisconsin ce ta fara ware wa masu farautar barewa da baka lokacinsu na daban a 1934, yau kuwa miliyoyin mutane ne ke fita duk kaka. A 1969 wani mutumin jihar Missouri, Holless Wilbur Allen, ya sami takardar mallakar ƙirƙirarsa, wato baka mai 'yan tayoyi a bakinsa biyu. Tayoyin nan suna rage wa maharbi nauyin da yake riƙe da shi bayan ya gama ja, ya samu ya tsaya ya yi saiti a tsanake. Irin wanda ake farauta da shi nauyin jansa yakan kai kilo 27 zuwa 32, kibiya kuma ta fita da gudun kusan mita 90 a sakan ɗaya, wato sama da kilomita 300 a awa. Yanzu duk saurayin da ke da kuɗi a waya zai iya yin odar irin wannan baka ta intanet. Kaya ya iso a kwali, ba malami, takardar gargaɗin da ke ciki kuma da ita ake fara share hannu.

Kibau ma sun sauya. Daga itace aka koma alminiyam, daga shekarun 1980 kuma kabon ya fara mamaye kasuwa. Kibiyar kabon bututu ce marar nauyi da aka yi da siraran zaruruwa, aka jera su, aka naɗe, aka manne da wani irin gam mai ƙarfi. Tana da sauri, tana da juriya, ba ta tanƙwarewa ta zauna a tanƙware. Aibinta ɗaya ne, amma babba: tana ɓoye ciwonta. Alminiyam in ya bugu sai ya lotsa ko ya lanƙwashe, ido ya gani, mai shi ya ajiye. Kabon kuwa zai iya tsagewa daga ciki, zaruruwansa su rabu da juna, a waje yana nan sumul kamar yau aka sayo shi.

Ga yadda ɓarnar take faruwa. Lokacin da maharbi ya saki tsarkiya, ita tana tura kibiya daga gindi, kan kibiyar kuma mai nauyi bai riga ya motsa ba. Saboda haka jikin kibiyar yakan lanƙwasa a wannan ƙiftawar ido kafin ya miƙe ya tafi. Kowace kibiya haka take yi, ko ta kyauro ko ta kabon, ido ne kawai ba ya kamawa. Lafiyayyar kibiya takan jure. Mai tsaga kuwa daidai wurin tsagar take karyewa. Rabin gaba ya yi nasa wuri, rabin baya kuma har yanzu tsarkiya tana bayansa tana tura shi da dukkan ƙarfin bakan, ga shi ya kauce daga hanya. Abin da ya fi kusa da shi shi ne bayan hannun hagu, ko naman da ke tsakanin babban yatsa da manuniya. Kabon kuma ba ya karyewa fes kamar kara. Bakin karayar yakan tarwatse ya zama kamar kan tsintsiya, tsinke-tsinke masu tsini, wasu su huda hannun su ɓullo ta tafi, wasu su kakkarye su zauna a cikin nama.

A nan ne aikin likita yake wuya. Ƙarfe in ya shiga jiki hoton ƙashi yana nuna shi ƙarara. Ɓurɓushin kabon kuwa sau da yawa ba ya fitowa sosai a hoton, sai an haɗa da sikanin, ko a buɗe wurin a bi shi ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka manta a ciki yana iya tara mugunya, ko ya yi ta sukar mutum wata da watanni.

Hannu kuwa ba wurin da ake wasa da rauni ba ne, don cunkushe yake. Ƙasusuwa 27 ne a hannu ɗaya, daga tsintsiya zuwa kan yatsu. Manyan jijiyoyin saƙo uku ne suke kawo masa ji da motsi. Su yatsu ba su da tsokar kansu da ke motsa su; tsokar tana can a damtse da tafi, agara ce siririya take bi ta ƙarƙashin fata ta ja su. A bayan hannu fatar da ta rufe agarar nan ba ta da wani kauri. Shi ya sa yankan da ba ya da girma a ido zai iya tsinka ta, mutum ya ga jini ya tsaya, ya ɗaure da tsumma, sai bayan kwana biyu ya lura yatsa ɗaya ya ƙi miƙewa. Agarar da aka ɗinke takan ɗauki kusan wata uku kafin ta yi ƙarfin aiki, jijiyar saƙo kuma in an haɗa ta tana tofowa ne da kimanin milimita ɗaya a rana. Manomi ko tela ko direba ya lissafa abin da wata uku ba hannu yake nufi a gidansa.

Abin takaici, gwajin da ke hana duk wannan bai kai minti ɗaya ba. Kamfanonin da ke ƙera kibau na kabon da kansu suke rubuta shi a gargaɗinsu. A kama kibiya da hannu biyu, ɗaya kusa da kai ɗaya kusa da gindi, a nisanta ta da fuska, a ɗan lanƙwasa ta kamar santimita uku zuwa biyar, ana saurare. A juya ta kaɗan a sake lanƙwasawa, har a zagaye ta. Lafiyayya shiru take yi. Mai tsaga za a ji ta yi ƙas-ƙas, ko a ji ta yi laushi a wani wuri. Sannan a ɗan murɗa ta, a dubi bakin gaba inda kai yake shiga da bakin baya inda tsarkiya take zama, don nan ne tsaga ta fi farawa. Wasu sukan shafa ta da auduga, in akwai zaren da ya tashi sai audugar ta maƙale. Kada a yi wannan shafar da yatsa tsirara, mai neman sartse ke nan.

Ba gwajin safe ba ne da za a yi sau ɗaya a ce an gama. Kibiyar da ta fita lafiya a harbin farko tana iya samun ciwo a wannan harbin. Duk wadda ta daki abu mai tauri, ko 'yar'uwarta ta goge ta, a sake duba ta kafin a ɗana. Akwai ma wata ɗabi'a da masu koyo suke alfahari da ita, su tara kibau duka a ɗigo ɗaya don a ga hannu ya faɗa. Kyau a ido, amma haka kibau suke jima juna ciwon da ba a gani. Ya fi a zana ɗigo biyar a jikin buhun da ake bara, kowace kibiya da nata. Wadda kuma aka samu da tsaga, ba gam, ba salatif, ba a bar wa yara. A karya ta biyu a zuba a inda ba mai tsinta. Na san kibiyar waje ba araha gare ta ba, kuma hannu yakan yi nauyi wajen karya abin da aka sa kuɗi. Sai dai kuɗin dozin ɗinta bai kai kuɗin shiga ɗakin tiyata sau ɗaya ba.

Sai batun dacewa tsakanin baka da kibiya, wanda masu aron kaya suka fi faɗawa ciki. Tsawon hannun mutane ya bambanta. Kibiyar da aka yanka daidai da gajeren mutum, in dogo ya ja ta, kanta zai shige bayan mazauninta ya faɗo, tsininta na duban bayan hannu. In ya saki a haka, ya harbi kansa da kansa. Ƙa'idar ita ce, idan an ja baka har ƙarshe, kibiya ta rage aƙalla santimita biyu da rabi a gaba, mai kan reza ma ta fi haka. Kowace kibiyar zamani kuma da lambar taurinta a jiki, ta baka mai sauƙi daban, ta mai ƙarfi daban. A ɗora mai laushi a kan baka mai ƙarfi, ta lanƙwasa fiye da ƙima. Nauyi ma haka: ga baka mai jan kilo 32, mafi ƙarancin nauyin kibiyar da masu sana'ar suka yarda da shi kusan giram 23 ne. Ƙasa da haka, ƙarfin da kibiya ta kasa ɗauka a jikin bakan yake komawa. Mafi muni shi ne a ja baka a saki ba kibiya, abin da baƙo yakan yi da zarar an miƙa masa ya gani. Tsarkiya ta tsinke, tayoyi su tanƙware, reshen baka ya fashe, duk a kusa da hannu da ido. Ɗan robar da ke gindin kibiya in ya tsage, sakamakon kusan iri ɗaya ne, don tsarkiya za ta kuɓuce ta tafi ita kaɗai.

Kan kibiyar farauta kuwa reza ne, biyu ko uku ko huɗu, an wasa su har suna aske gashi. Aikinsu su yanka jijiyar jini, kuma haka suke yi wa duk naman da suka taɓa. Shi ya sa ake da kan gwaji na daban, mai tsini kawai ba kaifi, nauyinsa daidai da na farauta. Da shi ya kamata a yi yawancin atisaye. Gaskiya ne mai reza ba lallai ya tashi daidai da na gwaji ba, iska tana kama fuka-fukansa, saboda haka dole maharbi ya gwada shi kafin ya shiga daji. Amma wannan aikin 'yan harbi kaɗan ne, kibiya ɗaya a lokaci ɗaya, a kan abin da aka yi don shi. Yawancin yankan ma ba wurin harbi ake samunsa ba. Wurin ɗaura kan ne, mutum ya kama reza da yatsu yana murɗawa, hannu ya zame. Akwai 'yar sifanar roba da ake rufa wa kan a murɗa da ita, in babu ita filaya ma ta yi. Wurin wasawa, kaifi ya riƙa tafiya gaba, yana barin hannu a baya. Wurin cirowa daga buhu, a dafa da tafin hannu ɗaya a gefe, a kama kibiyar daf da inda ta shiga, a dubi baya ko akwai mutum, a ja a miƙe. In reza ɗaya ta ɓace, tana cikin buhun, kada a zura yatsa neman ta. Haka ma cikin dabbar da aka harba: mahaucin da zai feɗe ta ya san cewa kai ko guntun reza na iya kasancewa a ciki.

Wata ɗabi'ar kuma, ɗora manuniya a kan kibiya don kada ta zame yayin ja. Kusan kowane sabon maharbi yana yi. Da kan gwaji, abin da zai samu ƙujewa ce. Da mai reza, in ya ja ta wuce ƙima, yatsan ne zai fara gaisawa da kaifin.

Akwai kuma baka mai kunama, wanda ake riƙewa kamar bindiga, kibiya tana kwance a kan doguwar kwarya, tsarkiya tana gudu a samanta. Shi nasa sharrin a babban yatsa yake. Wanda ya saba da bindiga yakan rungumi gaban abin da hannun hagu, babban yatsa ya leƙo sama da layin da tsarkiya take bi. Ana taɓa kunama, tsarkiyar da ke ɗauke da jan da ya haura kilo 60 ta share abin da ta tarar. Yatsu da yawa sun guntule ta haka a Amurka, har ta kai sababbin ƙira suna zuwa da katanga a gefe da ke hana yatsa hawa. Mai tsohon ƙira sai ya zama shi ne katangar kansa.

To mu dawo gida, don kada a ɗauka zancen na Turawa ne kawai. Kwari da baka tsohon kaya ne a ƙasar Hausa. Maharba sun taka rawa babba a yaƙin Tabkin Kwatto a 1804, kuma har gobe akwai Sarkin Baka a garuruwanmu, akwai mafarauta da 'yan sintiri da makiyaya da ke rataye da kwari. Kibiyarmu kyauro ce da kan ƙarfe na maƙera, mai kunnuwa da ke hana ta fitowa in ta shiga. Ba ta tarwatsewa irin ta kabon, amma tana da nata. Kyauron da ya sha hunturu yakan bushe ya tsage, musamman a gindi inda aka yi wa tsarkiya tsaga da kuma wuya inda aka cusa ƙarfe. Ƙwaro yakan huda shi daga ciki, sai ka ga ɗan rami da gari-gari a bakinsa. Ɗaurin da ke wuya yakan saki. Kuma tunda a kan hannu take gudu kai tsaye, duk wata sartse ko bakin ɗauri da ya tashi a fatar hannun zai bi. In kibiyar ta yi gajarta aka ja ta da yawa, kunnuwan ne za su kama naman manuniya, su kuwa ba a yi su don su fita da daɗi ba. Tsofaffin maharba suna mirgina kibiya a tafin hannu su dube ta kafin su ɗana, yara suna gani suna ɗauka salo ne. Gwajin da kamfanonin Amurka suke bugawa a takarda ke nan, a hannu.

Abin da ya sa lamarin namu ya fi nasu tsanani shi ne dafi. Sanannen tushen dafin kibiya a wannan yanki shi ne kwankwani, kuma abin da ke cikin 'ya'yansa zuciya yake kamawa, ya rikita bugunta har ta tsaya. Ƙarfinsa ya bayyana ga likitocin Turai ta wata hanya mai ban mamaki. John Kirk, likita kuma masanin tsirrai da ya raka David Livingstone tafiyar kogin Zambezi a wajajen 1860, ya ajiye 'ya'yan wani ɗan'uwan kwankwani tare da burushin haƙoransa. Da ya goge baki sai ya ji ɗaci, ya kuma lura bugun zuciyarsa ya ragu. Daga baya Thomas Fraser na jami'ar Edinburgh ya yi nazarin tsiron, a 1885 ya gabatar da abin da ya tace daga cikinsa a matsayin maganin zuciya. Shi Kirk, ɗan abin da ya shafi burushi ne kawai ya yi masa haka. Ina ga wanda ya shiga jini ta yanka? Dafin kuma ba ya mutuwa don ya bushe ko don ya kwana biyu a kwari. Saboda haka kibiya mai dafi ba ta da abin yi a filin gwaji ko kaɗan. Na gwaji su kasance daban, kwarinsu daban, da alamar da ko a duhu hannu zai gane. Mai ƙujewa ko tsagar kaushi a yatsa kada ya taɓa kan mai dafi. Kwari kuma a rataye shi sama, a rufe, inda hannun yaro ba zai kai ba. Kada a zura hannu cikinsa ana lalube.

Wannan kiyayewa ma addini ya riga ya koyar da ita. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya tsare tsininsu don kada ya ji wa wani ciwo. In an damu da fatar mai wucewa haka, ta mai kibiyar ba za ta zama banza ba.

Sauran ciwuka ƙanana ne in aka gwada da waɗannan, amma su ne na kullum. Tsarkiya takan mari cikin damtse ta bar shaida shuɗiya, maganinta a juya gwiwar hannu waje, a sassauta riƙon baka, a ɗaura fata a wurin. Kowane baduku zai yanka maka ita. Yatsun da ke jan tsarkiya tsirara sukan yi bororo, in aka matsa kuma jijiyar ta danne, mutum ya ji kan yatsansa ya sage kwana da kwanaki. 'Yar fata mai kauri a tsakani ta wadatar. Akwai safar hannu da ake saƙawa da zaren Kevlar, irin na rigar sulke, don hannun da ke riƙe baka. Tana taimakawa, amma ba ta zama hujjar barin duba kibiya ba. In kuma hannu ya fara rawa don gajiya, a tashi, gobe ma rana ce.

Idan tsautsayi ya riga ya afku, abu na farko shi ne kada a zare abin da ya shiga. Kibiya ko guntunta yana iya zama shi ya toshe jijiyar da ta huje, mai kunne kuwa fitarta ta fi shigarta ɓarna. A danna gefe da gefe da tsumma mai tsabta, a tallafe ta kada ta yi motsi, a ɗaga hannun sama da ƙirji. A cire zobe da agogo nan take kafin kumburi ya hana. In yanka ne kawai, a danne shi da ƙarfi minti goma ba ɗagawa ana leƙe, sannan a wanke da ruwa mai tsabta. Ban da toka, ban da ƙasa, ban da man birki ko fetur, ban da kashin shanu. Ƙasa da kashin dabbobi su ne gidan ƙwayar cutar sarƙe-haƙora, kuma rami mai zurfi marar iska irin na kibiya shi take so. Wanda allurarsa ta rigakafi ta haura shekara biyar, ko bai ma san ranar da aka yi masa ba, ya gaya wa ma'aikatan asibiti. In yatsa ya guntule, a naɗe guntun a bandeji mai ɗanshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, a tafi da shi. In akwai zaton dafi, ba tsotsa, ba tsaga, ba jiran a ga abin da zai faru. A kwantar da mutum, a ɗauke shi zuwa asibiti, a faɗa wa likita gaskiya cewa kibiyar tana da dafi, don maganin ya bambanta.

Kemis na unguwa zai iya ɗinke fata, amma ba zai ɗinke agarar da ke ƙarƙashinta ba. Duk raunin da bayansa yatsa ya ƙi lanƙwasa ko miƙewa, ko wani sashensa ya daina ji, ko ya yi fari ya yi sanyi, aikin likitan tiyata ne, kuma kwanakin farko su ne masu daraja. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da likitocin wannan aiki, raunin kibiya kuma ba baƙon abu ba ne a wurinsu.

Na san akwai wanda zai karanta duk wannan ya yi murmushi ya ce shi ya sha tauri, ƙarfe ba ya cinsa. Ba zan shiga wannan gardama ba. Zan dai tuna masa cewa kabon ba ƙarfe ba ne, kyauro ma haka, tsarkiya ma haka.

Kira na ga sarakunan baka da shugabannin ƙungiyoyin mafarauta da 'yan sintiri shi ne, kada a miƙa wa sabon shiga baka sai ya iya duba kibiya a gabanku, kuma a hana kawo mai dafi wurin gwaji. Kai kuma mai karatu, in akwai kwari a gidanka ko kwalin kibau da ka yi oda, ka sauke shi yau ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi ƙara a hannunka, ka karya ta kafin ka koma ɗaki.